Sanƙo a Filin Ciyawa: Iri, Yaɗo ko Falle, Wanne Ya Fi Dacewa da Sakkwato?

Duk mai filin ciyawa a gidansa a Sakkwato ya san yadda watan Mayu ke barin filin. Zafi ya haura digiri 40 kwana da kwanaki, ruwan famfo ya ja baya, iskar bazara ta busar da ɗan danshin da ya rage, sai ka fito da safe ka tarar filin da ka sha wahala a kansa ya yi sanƙo nan da can, wani wurin faɗin faranti, wani ya kai faɗin tabarma. Daga nan sai shawara ta kasu. Wani ya ce a sayo iri a watsa. Wani ya ce a tsinko yaɗon ciyawar a dasa. Mai hali kuma a ce masa ya sa a yanko ciyawa da ƙasarta, falle-falle, a shimfiɗa a wurin a huta.

Dukkansu ukun suna aiki, amma ba a wuri ɗaya ba, ba kuma a wata ɗaya ba. Ra'ayina tun daga farko shi ne, a mafi yawan gidajen garin nan, dasa yaɗo daga filinka na kanka a farkon damina ya fi sauran sauƙin kuɗi, ya fi su tabbas. Iri da falle suna da ranarsu, zan kuma faɗi ranar.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an san abin da ya kashe ciyawar, domin ciyawar kiri-kiri, wadda masu sayar da furanni ke kira Bahama, masana kuma Cynodon dactylon, ba ta mutuwa haka kawai. Tana yaɗo a sama, tana da wasu jijiyoyin masu tafiya a ƙarƙashin ƙasa, fari yakan busar da ganyenta ta yi launin ƙasa alhali tana raye. Saboda haka gwajin farko ba ya cin ko kwabo: ka tona gefen sanƙon da yatsa, ka ciro jijiya ka karya. Idan cikinta fari ne mai tauri, ciyawar barci take yi, ruwa kawai take jira. Ka yi mata ban-ruwa mai zurfi na mako biyu, ko ka jira ruwan sama, za ta farfaɗo. Sanƙon da bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba a filin kiri-kiri mai lafiya, da kansa yake rufewa idan damina ta zauna. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan wurin da haƙuri kaɗai yake buƙata.

Idan kuwa jijiyar ta bushe ta yi baƙi, tana murtsukewa, to ta mutu, kuma akwai dalili. A gidajenmu dalilan ba su da yawa. Akwai hanyar da ƙafa ta kafa, daga ƙofar falo zuwa famfo ko zuwa wurin shanya, da inda ake faka mota. Ƙasar wurin ta danƙare, ruwa ba ya ratsa ta. Jiƙa wurin ka soka ƙusa 'yar inci shida: in ta ƙi shiga sai da guduma, ka sami dalilinka. Akwai inda aka ɗaure ragon layya ya yi makonni yana fitsari a gindin turke. Akwai inda ake watsa ruwan wanki mai sabulu, da inda janareto ke ɗigar da baƙin mai. A sababbin unguwanni irin su Bado, Arkilla da wajen Kwannawa, sau da yawa abin da ke ƙarƙashin sanƙon ɓaraguzan bulo ne da busasshen kwaɓin siminti da magina suka binne, aka barbaɗa ƙasa mai kaurin yatsa uku a kai. Sai gara, wadda ke bin busasshiyar ciyawa da takin da bai ruɓe ba, da gwazarma mai cin saiwa daga ƙasa har ka ja ciyawar ta taso gaba ɗaya. Sai kuma inuwa, wadda zan dawo kanta, don ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Duk wanda ya dasa a kan ɗaya daga cikin waɗannan bai gyara ba, sanƙon zai dawo daidai inda yake, da faɗinsa.

Gyaran ƙasa iri ɗaya ne ko wace hanya ka zaɓa. A kwashe matacciyar ciyawa, a sassaɓe da fartanya ko diga zurfin santimita 15, a tsince duwatsu. Inda mai ko ruwan sabulu ya ratsa, a kwashe ƙasar a zubar a kawo wata. Ƙasarmu ta tudu yashi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka a gauraya ta da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, kamar kashi ɗaya na taki cikin huɗu na ƙasa. Ruɓaɓɓe nake nufi, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana gayyato gara, yana kuma ɗauke da irin duk ciyawar da dabbar ta ci. A daidaita da manjagara, a jiƙa, a bari ya kwana.

Sannan ka san wace ciyawa ce a filinka, don wannan kaɗai yakan yanke hukunci. Kiri-kiri mai siririn ganye tana da iri. Mai faɗin ganye da kaurin yaɗo, wadda ake kira Bafalo, ba a samun irinta a kasuwa, sai dai dashe. Ita kanta kiri-kirin, akwai nau'o'in da aka aurar a Amurka saboda filayen wasa, kamar Tifway da aka fitar a garin Tifton na jihar Jojiya a 1960, waɗanda ba sa yin irin da zai tsira. Idan filinka mai laushi ne sosai, ganyen ƙanana, ka watsa masa irin kiri-kiri na gama-gari, sanƙon zai rufe, amma zai fito da ganye mai kaushi da launi daban, kuma da tafiya ta yi tafiya sabuwar za ta kutsa cikin tsohuwar. Ita kuwa ciyawar kafet da ake kawowa daga Kudu, ta saba da wurare irin Fatakwal inda ruwan shekara ke wuce milimita 2,000. Mu nan abin da muke samu bai cika wuce 600 zuwa 700 ba, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Mai irin wannan ciyawa da ke sanƙo duk bazara, gara ya fara cike gurbin da kiri-kiri a hankali.

Iri shi ne ya fi jan hankali, don yana da arha idan aka lissafa faɗin da zai rufe, kuma aikinsa kamar ba wuya. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, kilo ɗaya na wanda aka cire wa ƙaiƙayi ya haura ƙwaya miliyan 4. Giram 5 zuwa 10 sun ishi murabba'in mita guda, wato kamar ƙaramin cokalin shayi biyu. Akan cuɗa shi da busasshen yashi don ya watsu daidai, a ja manjagara sama-sama, a danna da bayan shebur. Bai kamata ya nutse fiye da rabin santimita ba. Yana son ƙasa mai ɗumi, sama da digiri 18, wanda ba matsalarmu ba ce sai a tsakiyar hunturu. Ɓararre yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, mai ƙaiƙayi yakan kai mako uku.

Wahalar tana cikin waɗannan kwanakin. Irin yana kwance a fatar ƙasa, kuma fatar yashin Sakkwato tana bushewa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙwayar da ta fara fashewa in ta bushe sau ɗaya, ta mutu. Dole a yayyafa ruwa sau uku ko huɗu a rana, da buta mai rariya a baki, don tiyo zai tattara irin wuri guda. Wane ne ke gida da azahar zai yi wannan, kullum, har mako biyu? Ga tururuwa. Na taɓa tsugunawa gefen wani wuri da aka watsa iri da yamma, da hantsi na ga layinsu daga tsakiyar filin har gindin katanga, kowace ɗauke da ƙwaya ɗaya a baki, ba sa ko kaucewa. Abin da suka bari, kurciyoyi da kajin gida suka tsince. Idan kuma ka ce bari ka jira ruwan sama, ruwan farko namu da iska yake zuwa da ƙarfi, mamako ɗaya ya isa ya kwashe irin ya tara a kwata. Ana rage wannan da rufe wurin da tsohon buhun algarara ko siririn shimfiɗar ɓuntun shinkafa, a ɗage buhun da zarar kore ya fara leƙowa. In ya tsira, sai ya yi gasa da harƙiya da gude-gude da tuji, waɗanda duk sun fi shi saurin girma, kuma sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya jure takawa.

Akwai wani haɗarin da ya fi waɗannan ɓata rai, shi ne na leda mai hoton kore shar da aka shigo da ita daga Turai. Yawancin abin da ke cikin irin waɗannan ledoji ciyawar ƙasashen sanyi ce. Idan ka shuka a watan Disamba za ta fito da kyau har maƙwabta su tambaye ka inda ka samo, watan Maris na kamawa ta ƙone ƙurmus. Duk ledar da ba a rubuta Bermuda, wato sunan kiri-kiri a Turance, ko Cynodon a jikinta ba, ka mayar wa mai shago. Ka duba kwanan wata kuma, don irin da ya shekara biyu a shago mai rufin kwano ƙarfinsa ya ragu. Haka nan in ba a daɗe da fesa wa filin maganin gona mai hana ciyawa tsirowa ba, zai hana naka irin ma. Iri yana da ma'ana ne kawai idan wurin da ya mutu babba ne, kamar rabin filin makaranta ko na masallaci, ga bohol, ga mai gadi ko mai lambu da ke wurin yini guda.

Yaɗo kuwa rayayyen tsiro ne tun daga ranar farko, abin da ya sa na fifita shi ke nan. Kowace gaɓa a jikin yaɗon tana iya fitar da saiwa da ganye, tana kuma ɗauke da ɗan abincin da za ta rayu da shi kafin ta kama. Ba sai ka saya ba. Duba gefen intalok ɗinka da bakin kwalbati da gindin famfo, za ka ga yaɗon da ya haura yana neman wurin zuwa, wanda dama yankewa ake yi a zubar. Shi ne irinka, kuma launinsa da laushinsa daidai da sauran filin.

Na kalli wani dattijo mai aikin lambu yana yin wannan a gidan maƙwabcina da la'asar sakaliya. Ya tara yaɗon a bokiti da ɗan ruwa a gindi, ya ajiye a inuwa. Ya ja layuka da bakin fartanya, zurfin yatsa biyu, tsakanin layi da layi kamar taƙi guda. Yana ɗaukar yaɗo ya tsinka shi tsawon santimita 10 zuwa 15, ya duba ya tabbatar akwai gaɓa biyu ko uku, ya kwantar a ramin, ya tura ƙasa a kan kashi biyu cikin uku, ya bar kan mai ganye a waje, ya taka da diddige. Bai fara daga tsakiya ba, daga gefe ya faro, yana cusa layin farko har cikin tsohuwar ciyawa. Yana gama layi uku sai ya tsaya ya zuba ruwa, ba ya jira sai ya kammala. Mai gidan ya nuna masa wani sanƙon a gindin mangwaro ya ce a haɗa da shi. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya ce, "Alhaji, hakin ga ba shi son inuwa. In na dasa, kuɗinka za ni ci." Mai gidan ya ce, "To Baba, ya za a yi?" Ya ce a zuba tsakuwa a ajiye kujera.

Yaɗon da aka dasa haka yakan yi yaushi kwana biyu ko uku, har ka yi zaton ya mutu. Bayan mako guda ka ja shi a hankali, in ya riƙe ƙasa ya kama. A damina, kiri-kiri takan rufe wurin cikin mako 4 zuwa 8. Ruwa safe da yamma ya ishe shi a makon farko da na biyu, don yana binne ne inda danshi ke daɗewa, tururuwa ba ta iya ɗaukarsa, ruwan sama ba ya kwashe shi. Aibinsa biyu ne. Yana son hannu, tsugunno ne na gaske. Kuma tsakanin layukan fili ne ga ciyawar banza, sai an riƙa bi ana cirewa tun suna ƙanana, musamman ƙarangiya da tsaida kafin su yi ƙaya, in akwai yara masu wasa ba takalmi.

Akwai ɗan'uwan wannan hanya da ya fi dacewa da Bafalo da sauran masu jinkirin yaɗo, wato dasa dunƙule. A yanko ciyawar da ƙasarta, faɗin santimita 5 zuwa 10, daga wurin da ya fi cika a filin, a dasa su jefi-jefi da tazarar santimita 15 zuwa 30, saman dunƙulen daidai da fuskar ƙasa. Ramukan da aka bari a cike su da ƙasa mai taki, za su rufe. Dunƙule ya fi yaɗo jure sakaci, don ya zo da saiwarsa. Wanda ruwansa ba kullum ba, ko wanda ke fita aiki tun safe sai magariba, wannan ya fi masa ko da kiri-kiri ce.

Falle shi ne hanyar mai gaggawa. Ana ɗaurin aure bayan mako biyu, ko za a ba da gidan haya, ko sanƙon yana kan gangare inda ruwa ke zaizaya: nan falle ya yi. Ana yanko shi da shebur mai kaifi, kaurin santimita 3 zuwa 5. A yanka gefen sanƙon ya zama mai kusurwa huɗu, a rage ƙasar daidai kaurin fallen don kada ya yi tudu, a shimfiɗa baki da baki, a cusa ƙasa a tsaga, a taka sosai, a jiƙa har ruwa ya ratsa zuwa ƙasan. Yakan kafa saiwa cikin kwana 10 zuwa 14, kuma shi ne ya fi hana ciyawar banza fitowa. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin saye ga na dako, kuma ba ya jure jira. Fallen da aka yanka da safe aka jibge a bayan a-kori-kura har azahar, zafin cikin jibgin ya riga ya dafa na tsakiya. A yanka da yamma, a shimfiɗa a daren ko da asuba.

Abin da na fi jin tsoro a falle shi ne ƙasar da ke zuwa da shi. Kiri-kiri tana fitowa da kanta a bakin gulbin Rima da fadamun wajen Kwalkwalawa, kuma mai neman arha can ake yanko masa. Ƙasar fadama laka ce, in ka ɗora ta a kan yashi sai wurin ya riƙa shan ruwa daban da sauran filin, ya tsattsage da rani. Mafi muni, tana zuwa da aya-aya. Wannan ciyawa tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa jere a kan zare, ka cire ganyen ka bar ɗa ɗaya, ta dawo. Wanda ya shigo da ita don ya rufe sanƙon faɗin tabarma zai shekara da shekaru yana fama da ita a duk filin. In dole sai daga fadama za ka samo, karɓi yaɗo, ka kakkaɓe ƙasar, ka wanke shi a bokiti, ka tsince duk wani abu mai ƙulli kafin ka dasa.

Lissafin ruwa ya kamata kowa ya yi kafin ya taɓa fartanya, musamman mai saye a wurin 'yan ga-ruwa. Lita ɗaya a kan murabba'in mita daidai take da milimita ɗaya ta ruwan sama. A ce sanƙonka mita biyu ne tsawo, biyu faɗi. In za ka ba kowane murabba'in mita lita 5 safe da yamma, lita 40 ke nan a rana, 560 a mako biyu, wato jarka 22 da ɗoriya 'yan lita 25. Wannan na wuri ɗaya ne kawai. Ninka shi da yawan sanƙon filinka, za ka ga dalilin da ya sa watan da ka zaɓa ya fi hanyar da ka zaɓa tasiri a aljihu. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli ne lokacin: ƙasa da ɗumi, iska da danshi, ga Agusta mai yawan ruwa na tafe ya ƙarasa maka aikin. Dashen Satumba yana kamawa, amma ba ya samun zurfin saiwar da zai shiga rani da ita. A hunturu kiri-kiri tana rage gudu saboda sanyin dare, yaɗon zai zauna wuri ɗaya yana shan ruwanka. A Afrilu da Mayu kuwa, falle ko dunƙule kaɗai nake ganin za su iya, shi ma ga mai bohol, tare da kafa musu zana ko asabari ta yamma na kwanakin farko.

Batun inuwa. Kiri-kiri tana buƙatar rana ta aƙalla sa'o'i shida a yini, kuma babu takin da ke maye gurbin wannan. Gindin dogon yaro da mangwaro, da lungun da ke tsakanin gini da katanga, iri ba zai yi ba, yaɗo ba zai yi ba, falle zai yi kore na wata ɗaya ya sirance ya tafi. Bafalo tana jure inuwa fiye da ita, in inuwar mai ratsin rana ce, sai dai ta fi shan ruwa, ga saiwar bishiyar na rabawa da ita. A garin da inuwa ke da daraja irin tamu, ba zan ba kowa shawarar sare bishiya don ciyawa ba. A ɗan sassabe rassan ƙasa in ana so, in bai isa ba a kewaye gindin da bulo a zuba tsakuwa. Hanyar da ƙafa ta kafa ita ma a bar mata hanyarta, a jera intalok ko faffaɗan duwatsu, ciyawar ta cike tsakaninsu.

Bayan dashe, kowace hanya ce, a kange wurin da igiya ko ƙaya daga yara da awaki. Kada a sa takin zamani a ranar dashe. Bayan mako uku, da sabon ganye ya bayyana, a barbaɗa yuriya cokalin cin abinci ɗaya shafe a kowane murabba'in mita, da yamma, a bi da ruwa nan take. Fiye da haka ƙonawa yake yi, ya haifar da sabon sanƙo. Da ya kama sai a rage yawan zuwa da ruwa a ƙara zurfinsa, sau biyu ko uku a mako, don saiwar ta bi danshi ƙasa. Yanka yana sa kiri-kiri yaɗuwa, a riƙe ta tsakanin santimita 3 zuwa 5, Bafalo kuma 6 zuwa 10, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Mai yi maka da langalanga ka tsaya a kansa a karon farko, don in ya sara har ƙasa zai tumɓuke yaɗon da bai gama kafuwa ba.

Wanda kuma sanƙonsa ya bayyana bayan damina ta wuce, kuma ruwansa na saye ne, kada ya dasa komai yanzu. Ya gyara ƙasar, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya rufe da ɓuntu don iskar hunturu kada ta kwashe. Ya ware wani ɗan wuri kusa da inda ake alwala, inda ruwa mai tsabta ke zuba kullum kuma rana na samunsa, ya bar kiri-kirin wurin ta yi ta yaɗo ba yanka. Kafin ƙarshen Yuni zai sami abin da zai dasa a duk wuraren da suka mutu.